Tambayoyi da Amsoshi a Kan Kurkunu: Yadda Aka Ci Ƙarfinsa da Abin da Ya Hana Shi Ƙarewa

In ka tambayi yaro ɗan shekara 15 a Gusau ko Damagaram mene ne kurkunu, mai yiwuwa ya tsaya yana kallonka kawai. In kuwa kakansa ka tambaya, da wuya ya tsaya dogon bayani. Ɗage ƙafar wando zai yi ya nuna maka tabo a idon sawu. A 1986 an ƙiyasta cewa mutum miliyan 3.5 ne ke kamuwa da wannan ciwo kowace shekara a ƙasashe 21 na Afirka da Asiya. A 2024 mutum 15 aka samu a duk faɗin duniya. Tambayoyin da ke ƙasa su ne waɗanda mutane suka fi yi in an ɗauko wannan zance.

Mene ne kurkunu, kuma ta ina yake shiga jiki?

Tsutsa ce fara, siririya kamar taliya, wadda tsawonta kan kai mita ɗaya. Masana na kiranta Dracunculus medinensis. Ta baki take shiga, a cikin ruwan sha.

A tafki ko kududdufi, da duk wani ruwa da ke kwance, akwai wasu ƙananan halittu da ake kira ƙumar ruwa. In ka ɗebi ruwa a gilashi ka ɗaga shi sama ta wajen haske, mai kaifin ido zai hango su kamar ƙura mai motsi. Su ne ke haɗiye 'ya'yan kurkunu, 'ya'yan su yi kamar mako biyu a cikinsu suna ƙosawa. Mutum ya sha ruwan, ciki ya narkar da ƙumar, 'ya'yan tsutsar su tsira su huda hanji su shige cikin jiki. A nan mace da namiji ke haɗuwa. Namijin ƙarami ne, yana mutuwa bayan barbara. Macen ce ke ci gaba da girma, tana bin ƙarƙashin fata tana gangarawa, yawanci zuwa ƙwauri ko idon sawu ko tafin ƙafa.

Duk wannan tafiya wata 10 zuwa 14 take ɗauka, kuma mai ita bai san komai ba. Ba zazzaɓi, ba ciwo. Wannan tazara ce ta ɓatar da kakanninmu. Wa zai danganta ƙurjin bana da ruwan da ya sha bara?

Me ya sa mai kurkunu ba ya iya haƙura da tsoma ƙafa a ruwa?

Domin wurin ƙuna yake yi kamar an ɗora garwashi. Idan lokacin fitarta ya yi, tsutsar takan tayar da bororo a fata, wani lokaci tare da zazzaɓi da ƙaiƙayi da tashin zuciya. Abin da ke sanyaya wannan zafi kuwa shi ne ruwa. Mutum ya lallaɓa bakin tafki ya tsoma ƙafa, ya ji sanyi har cikin ransa. A daidai wannan lokacin tsutsar ta ji ruwa, sai ta fesa wani farin abu kamar madara. 'Ya'yanta ne, dubun dubata. Ƙumar ruwa ta haɗiye su, gobe da safe mata su zo da tuluna.

Ba tsoma ƙafa don neman sauƙi kaɗai ba. Yarinyar da aka aika ɗebo ruwa dole ta shiga har gwiwa kafin ta sami inda tulu zai nutse, ko da kurkunu a ƙafarta. Mutum ɗaya ya isa ya ɓata wa gari guda shekararsu ta gaba.

Da gaske ba shi da magani?

Babu. Ba ƙwaya, ba allurar rigakafi, kuma wanda ya taɓa yi ba ya samun kariya, zai iya sake yi baɗi. Yadda ake fitar da ita yau shi ne yadda ake yi tun zamanin da: a naɗe ta.

Ni na ga yadda ake yi ina yaro, a ƙafar wani kawuna. Yana zaune a kan tabarma a zaure, ƙafar a miƙe bisa ƙaramin turmi da aka kifa, ta kumbura tana sheƙi. Kan tsutsar ya leƙo kamar farin zare daga tsakiyar gyambo, an ɗaure shi a jikin tsinke. Kowace safiya kakata za ta zuba wa wurin ruwa, ta kama tsinken ta murza a hankali. Da ta ji tsutsar ta dage sai ta tsaya. Wata rana a sami tsawon gaɓar yatsa, wata rana ko rabin haka ba a samu ba. Shi kuwa hankalinsa na gona, gero yana neman maimai.

"Inna, ki ja ta kawai a huta."

"A'a, ɗan nan. In ta tsinke, ka yi ban kwana da gonar bana."

Gaskiyarta. In ta tsinke, ragowar takan koma ciki ta mutu, ƙafa ta haye, mugunya ta taru, jinya ta ninka. A nan ne ake kiran wanzami ya yi sakiya da ƙarfe mai zafi, abin da sau da yawa ƙara wa Borno dawaki yake yi, don sabon rauni ne a kan tsoho. Ma'aikatan lafiya na yau ba su canza dabarar naɗewa ba, tsafta suka ƙara mata. Ana tsoma ƙafar a bokiti maimakon tafki don tsutsar ta zubar da 'ya'yanta, a zubar da ruwan a busasshiyar ƙasa nesa da mashaya, a wanke wurin, a naɗe tsutsar a jikin bandeji, a shafa maganin hana ruɓa, a rufe. Aikin kan ɗauki kwanaki, wani lokaci makonni. Kuma akwai masu fitar da biyu ko uku ko fiye a shekara guda.

Tun da ba ya kisa, me ya sa aka tayar da hankalin duniya a kansa?

Kai tsaye ba ya yawan kisa, sai dai in ƙwayoyin cuta sun shiga gyambon, musamman tetanos mai sarƙe haƙora. In ya fito ta gwiwa ko wata gaɓa, yakan bar ta a sandare har abada. Amma babbar ɓarnarsa a rumbu take.

A ƙasashen Sahel, irin su arewacin Najeriya da Nijar da Mali, tafkuna da damina suke cika, da damina ake shan ruwansu, saboda haka bayan shekara da damina tsutsar ke fitowa. Wato daidai lokacin shuka da noman firi da maimai. Magidanci ya kwanta wata biyu, ciyawa ta cinye gona. Ko gayya za a kira, su wa za su zo, alhali rabin majiya ƙarfin garin suna kan tabarma? Yara su bar makaranta, ko don su ma sun kamu, ko don su ne suka rage masu ƙafa a gidan. Mutanen Dogon na Mali sun raɗa masa suna ciwon rumbu wayam. A kudancin Najeriya da Gana kuwa, inda ruwa ke gudu da damina, da rani ya fi yaɗuwa, lokacin da rafuka ke tsinkewa su koma kududdufai. Wani bincike da UNICEF ta ɗauki nauyi a 1987 ya ƙiyasta cewa manoman shinkafa na wani yanki a kudu maso gabashin Najeriya suna asarar kimanin dala miliyan 20 a shekara saboda kurkunu.

Sabon ciwo ne?

Ina! An sami busasshiyar tsutsarsa a jikin wata gawa ta tsohuwar Masar da aka adana shekaru dubbai. Likitocin Larabawa na da, ciki har da Ibn Sina, sun yi bayaninsa da sunan "irƙul Madini", wato jijiyar Madina, kuma daga nan kalmar medinensis ta samo asali. Turawa kuma a gaɓar tekun Gini suka gan shi, suka laƙaba masa sunan wurin, wato Guinea worm, tsutsar Gini. Wani Barashe mai suna Alexei Fedchenko ne ya gano rawar da ƙumar ruwa ke takawa, wajen 1870. A shekarun 1950 wani masani ɗan Najeriya, Sanya Onabamiro, ya yi muhimmin bincike a kansa a Ibadan. Ka ga ke nan an shekara fiye da ɗari da sanin hanyar ciwon kafin a tashi tsaye. Ilimi bai yi ƙaranci ba. Masu ciwon ne ke zaune a inda mota ba ta zuwa.

Yaushe aka fara yaƙin, kuma su wa suka ja ragama?

A 1980, shekarar da aka sanar da kawar da agana daga duniya, masana a hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka suka fara cewa kurkunu ma zai yiwu. Dakta Donald Hopkins, wanda ya yi aikin agana a Saliyo, yana kan gaba a cikinsu. A 1986 babban taron Hukumar Lafiya ta Duniya ya zartar da ƙudiri a kan ciwon, kuma a shekarar ce Cibiyar Carter, wadda Jimmy Carter ya kafa, ta karɓi jagorancin aikin, tare da UNICEF da Hukumar Lafiya ta Duniya da ma'aikatun lafiya na ƙasashen.

Tsohon shugaban Amurka Jimmy Carter ya ga kurkunu da idonsa a wasu ƙauyuka na Gana a 1988, kuma daga nan bai sake shi ba. Amfaninsa a fili yake: shi ne ke iya shiga fadar shugaban ƙasa ya ajiye masa zancen tsutsa a kan tebur, ya kuma buga wa shugabannin kamfanoni waya ya roƙo ƙyallen tacewa da maganin tafki kyauta. A 2015, lokacin da yake bayyana cewa yana fama da ciwon daji, ya ce burinsa kurkunu na ƙarshe ya riga shi mutuwa. Ya rasu a ranar 29 ga Disamba 2024 yana da shekara 100, saura ƙiris burin ya cika.

Sai dai kada sunayen manya su rufe mana ido. Waɗanda suka yi ainihin aikin 'yan sa kai ne na ƙauyuka, maza da mata, masu bin gida-gida da littafi suna rubuta wa ya kamu, yaushe, a wane tafki ya sha ruwa bara. Lissafinsu na wata-wata shi ne ke hawa daga mai unguwa zuwa ƙaramar hukuma, zuwa babban birni, har Janiba, mazaunin Hukumar Lafiya ta Duniya.

Ba ƙwaya ba allura, to da me aka yaƙe shi?

Da katse masa hanya. Tsutsar ba ta wuce shekara guda da 'yan watanni a jikin mai ita, 'ya'yanta kuma ba sa daɗewa a ruwa. In aka yi shekara ɗaya cur ba wanda ya shigar da ita tafki, ko ba wanda ya sha ta, garin ya rabu da ita.

Makami na farko ƙyalle ne. Wani yadi na roba mai ƙananan ƙofofi da ake ɗaurawa a bakin randa, a zuba ruwa ta kansa. Ruwa ya wuce, ƙuma ta tsaya. Da sauƙi a baki, amma sai an koya wa uwar gida kada ta juya shi baibai gobe, ta wanke shi da ruwan da aka riga aka tace, ta kuma ɗaga shi a rana ta duba ko ya huje. Ga makiyayi da manomi da matafiyi, waɗanda ƙishi ke kamawa nesa da randa, aka yi wani ɗan bututu mai rariya a gindi, ana rataya shi a wuya kamar laya. Ka durƙusa a bakin ruwa ka zuƙa ta cikinsa.

Na biyu shi ne maganin da ake zubawa a tafki duk wata, mai suna Abate, wanda ke kashe ƙumar ruwa. A gwargwadon da ake sa shi ba ya cutar da mutum ko dabba. Sai an auna tsawo da faɗi da zurfin tafkin kafin a san yawan da za a zuba, shi ya sa ba ya yiwuwa a babban ruwa.

Na uku, tsare mai ciwo daga ruwa. Ƙa'idar ita ce a gano shi kafin tsutsar ta fito, ko cikin awa 24 da fitowarta, a ɗaure masa wurin, a tabbatar bai shiga mashaya ba har ta gama fita. A wasu wurare an gina ɗakunan jinya inda ake ciyar da shi kyauta. A wasu an naɗa mai gadin tafki, dattijo da sanda a gindin bishiya, yana duba ƙafafun masu zuwa. Mai gyambo ya tsaya daga nesa, wani ya ɗebo masa.

Sai kuma rijiyar burtsatse da ginanniyar rijiya mai murfi, waɗanda su ne maganin dindindin, amma su ne mafi tsada da saurin lalacewa. Garin Savelugu na arewacin Gana ya shaida haka: da ruwan famfo ya yanke a yankin a 2006, mutane suka koma madatsun ruwa, a 2007 kurkunu ya ɓarke a garin, mafi yawan waɗanda ya kwantar yara ne.

Mutane sun karɓi wannan bayani cikin sauƙi?

Ba su karɓa ba, kuma ban ga laifinsu ba. Baƙo ya zo ya ce maka ruwan da kakanka ya sha ya yi shekara 90 shi ne ciwo. Wasu sun ɗauka jijiya ce ta jiki da ke fitowa, wasu sun ce a jini yake, ana gadonsa, wasu sun ce sammu ne. Akwai garuruwan da tafkinsu ke da alfarma ta gargajiya, ba a yarda a zuba masa komai ba. Wasu kuma sun ce ruwan da aka tace ba shi da garɗi.

Abin da ya fi wa'azi tasiri shi ne a tace ruwa a gaban jama'a, a kife ƙyallen a cikin gilashi, a miƙa wa dagaci ya ɗaga ya ga abubuwan da ke iyo. Daga nan magana ta ƙare. Sauran aikin na sarakuna ne da limamai da malaman makaranta. A Najeriya, tsohon shugaban ƙasa Janar Yakubu Gowon ya shiga aikin daga ƙarshen shekarun 1990, yana zuwa ƙauyuka da kansa, yana kuma matsa wa gwamnoni da shugabannin ƙananan hukumomi su haƙa rijiyoyin da suka yi alkawari. A Mali da sauran ƙasashe masu magana da Faransanci, Janar Amadou Toumani Touré ne ya yi irin wannan aiki.

Ina Najeriya da maƙwabtanta suka tsaya?

Da aka bi Najeriya ƙauye-ƙauye a 1988 zuwa 1989, an ƙirga mutum sama da 650,000, adadin da ya fi na kowace ƙasa a duniya a lokacin. A 2008 mutum 38 aka samu, na ƙarshe a watan Nuwamba a jihar Enugu. A 2009 ba a sami ko ɗaya ba. Nijar, wadda ta ƙirga sama da mutum 30,000 a 1991, ita ma a 2008 ta ga na ƙarshe da ya kamu a cikin ƙasar. Su biyun sun karɓi takardar shaidar rabuwa da kurkunu daga Hukumar Lafiya ta Duniya a Disamba 2013. Gana ta fara da kusan 180,000 a 1989, ta ga na ƙarshe a Mayu 2010, ta sami shaida a 2015. Kamaru ta riga su, tun 2007, ko da yake labarinta bai ƙare ba, kamar yadda za a gani. A Asiya an daɗe da gamawa: Indiya ta karɓi tata shaidar a 2000.

Ba a ba ƙasa wannan shaida sai ta yi aƙalla shekara uku ba ciwon, tana kuma nema da gaske. Daga nan tawagar ƙwararru ta zo ta shiga ƙauyuka tana nuna hoton ƙafa mai kurkunu tana tambaya.

An ce har yaƙi aka taɓa tsayarwa saboda shi?

Haka ne. A 1995 Carter ya shawo kan gwamnatin Sudan da 'yan tawayen kudu suka tsagaita wuta kusan wata shida, don ma'aikata su shiga da ƙyallen tacewa, su kuma yi wa yara rigakafi. Yaƙin ya dawo, kuma sai bayan yarjejeniyar zaman lafiya ta 2005 aka iya aiki sosai a kudu. A 2006 yankin ya ba da rahoton mutum sama da 20,000. Yau Sudan ta Kudu da yatsu ake ƙirga nata. Rikicin arewacin Mali tun 2012 shi ma ya hana ma'aikata kaiwa wurare da dama. Kurkunu da bindiga abokan tafiya ne, inda ta hana shiga nan yake fakewa.

Yanzu saura nawa?

A 2021 mutum 15, a 2022 mutum 13, a 2023 mutum 14, a 2024 mutum 15. Ƙasashe biyar ne ake lissafawa da ciwon: Chadi, Sudan ta Kudu, Mali, Habasha da Angola. Sudan ba ta da shi amma ba ta karɓi shaida ba tukuna. Duba jerin nan da kyau. Daga miliyoyi an sauko zuwa goma sha wani abu, sai aka tsaya cik. Aski ya zo gaban goshi.

Me ya tsayar da shi?

Karnuka. Wannan ne abin da ba wanda ya tsammata.

An gina dukkan shirin a kan cewa mutum kaɗai ke ɗauke da tsutsar. Chadi ta yi shekara goma ba ta ba da rahoton kowa ba, sai a 2010 aka fara ganin ɗaiɗaiku. Abin ya ɗaure wa masana kai, domin bai zo da siffar da aka sani ba. Maimakon mutum 30 a ƙauye ɗaya masu shan tafki ɗaya, sai mutum ɗaya a nan, ɗaya a can, ba abin da ya haɗa su sai kogin Shari. A 2012 aka fara ganin tsutsar tana fitowa daga ƙafafun karnuka a ƙauyukan masunta. Da aka gwada a ɗakin bincike, ita ce dai, ba wata ba. A 2016 karnukan da aka ƙirga sun haura 1,000, a 2019 sun kusa 2,000. An kuma same ta a jikin kyanwoyi, a Habasha har da gwaggon biri a dajin yankin Gambella. Angola, wadda ba a san ta da ciwon ba, ta ga na farko a 2018 a lardin Cunene. Kamaru ma, mai takardar shaida, ta koma ƙirga ɗaruruwan karnuka a yankin Guéré na Arewa Mai Nisa, a bakin kogin Logon, inda iyalai ke zaune a gaɓa biyu suna ƙetarawa da dabbobinsu.

Yaya kare ke kamuwa? Yana lasar ruwa mai ƙuma, wannan ɗaya ke nan. Amma abin da aka fi zargi shi ne kifi. A ƙarshen rani, in ruwa ya janye ya bar tafkuna cike da kifi, gari kan fito su. Mata na zaune suna feɗewa don banda, suna watsar da kayan ciki, karnuka na jira. Ƙananan kifaye suna cin ƙumar ruwa, tana nan a hanjinsu da rai. An kuma sami 'ya'yan tsutsar a jikin kwaɗi. Ana zargin wasu mutanen ma ta hanyar kifi ko kwaɗon da bai dahu ba suka kamu.

To, kare ba ka koya masa tace ruwa. Abin da ake yi shi ne a binne ko a ƙone kayan cikin kifi, a yawaita zuba Abate, a kuma ɗaure karnuka. Da farko wanda tsutsa ta fito masa kawai ake ɗaurewa, daga baya aka koma ɗaure duk karnukan gari a watannin da ciwon ke yaɗuwa, ana taimaka wa masu su da abincin da za su ba su da ɗan lada. Adadin a Chadi ya sauko ƙwarai daga na 2019. Amma ka tuna karen ƙauye ma'aikaci ne, shi ke gadin gona da garke, shi ke farauta. Ce wa mutum ya turke shi wata da watanni ba ƙaramin roƙo ba ne. Gwaggon biri kuwa, wa zai ɗaure shi?

An sha sa wa'adi yana wucewa. Anya kuɗin da ake kashewa a kan mutum goma sha biyar ya dace?

An sa 1995, aka sa 2009, aka sa 2015, aka sa 2020, yanzu 2030 ake magana. Masu wannan tambaya suna da hujja, ganin yadda maleriya ke kashe yara dubu ɗaruruwa kowace shekara. Ra'ayina shi ne lissafin ba na mutum 15 ba ne, na abin da zai biyo baya ne in aka saki. Kurkunu ba ya zama a inda aka bar shi. A 2006 matafiyi ɗaya ya kai shi yankin Kidal na Mali, inda babu shi, shekara na zagayowa mutane da dama suka kwanta. A 2017 a Habasha, 'yan ƙwadago 15 suka kamu daga tafki ɗaya a wata babbar gona. Ciwon mutane ɗaya tak aka taɓa kawarwa daga duniya, agana, sai kuma bushiya ta shanu a 2011. Wanda aka kawar, an huta da kashe masa kuɗi har abada.

Inda nake da ƙorafi shi ne wani wuri daban. Ƙauyuka da yawa sun rabu da kurkunu da ƙyalle, ba da rijiya ba. Tsutsa ta tafi, masu aikin suka naɗe tabarmarsu, amma har gobe daga kududdufin nan ake sha tare da shanu. Ƙyallen yana tare ƙumar ruwa, ba ya tare ƙwayar kwalara ko taifot.

Ana ɗaukarsa ta wanka ko ta taɓa mai ciwon? Shi ne tsargiya?

A'a. Jinyar mai kurkunu, ko cin abinci da shi, ko wanke masa ƙafa ba sa sa a kamu. Sai an haɗiye. Tsargiya daban ce: tsutsarta daga dodon koɗi take fitowa, ta fata take shiga lokacin wanka ko su ko aikin fadama, alamarta fitsarin jini, kuma tana da ƙwaya mai suna praziquantel da ake raba wa 'yan makaranta. Ita tana nan da yawa a ƙasashenmu.

Zai iya dawo mana? In na ga abin da ya yi kama da shi, me zan yi?

Zai iya. Chadi da Kamaru da Mali ba nesa suke ba, kuma masunta da makiyaya da 'yan kasuwa da 'yan gudun hijira suna ƙetare iyaka kullum. Mutum zai iya shan ruwan a bakin Shari bara, tsutsar ta fito masa a wani ƙauye na Borno ko Diffa bana. Haɗarin ma ya fi yawa yanzu ta wata fuska, domin akwai matasan ma'aikatan lafiya da ba su taɓa ganinta ba sai a hoto.

In ka ga bororo mai ƙuna a ƙafa, ko farin zare yana leƙowa daga gyambo, a jikin mutum ko kare ko kyanwa, abu na farko kada ya kusanci tafki ko rafi ko wata mashaya. In dabba ce a ɗaure ta. Kada a ja tsutsar da ƙarfi, kada a yanke ta, kada a yi sakiya. A rufe wurin da ƙyalle mai tsabta, a sanar da asibiti mafi kusa ko jami'in sa ido kan cututtuka na ƙaramar hukuma a ranar, ba gobe ba. Ƙasashe da dama suna ba da ladan kuɗi ga wanda ya kawo rahoton da aka tabbatar. In tsutsar ta fita, kada a yar da ita, ma'aikata za su sa ta a kwalba su aika ɗakin bincike, domin akwai wasu tsutsotsi da ke kama da ita. Za su kuma tambayi mai ciwon duk inda ya je da duk ruwan da ya sha tun daga bara war haka, saboda haka 'yan'uwa su taya shi tunawa.